Yaya zan sa wa hular kakana ja a tsohon hoto, sauran ya zauna fari da baƙi?

Jikar Hajiya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah waɗanda suka san harkar gyaran hoto ku ba ni shawara.

Akwai wani tsohon hoto a ɗakin kakata a Mandawari, tun ina yarinya yana nan jingine a saman kabad, a bayan jeren kwanuka. Ita ce da marigayi kakanmu Malam, Allah ya jiƙansa da rahama. A wani shagon hoto na Sabon Gari aka ɗauke su. Ba ta riƙe shekarar ba, amma ta ce da sulalla Malam ya biya mai hoton, kun ga ke nan tun kafin naira ta shigo a 1973. Fari da baƙi ne, girman kati, ya ɗan yi rawaya saboda daɗewa, kusurwa ɗaya ta ƙasa ta karye. Malam na zaune a kujera da farar babbar riga mai aska biyu, ya ɗan karkata dara a ka. Hajiya na tsaye a bayansa ta dafa kujerar, da atamfa da ɗankwali, ga murjani layi biyu a wuyanta. Ba wanda ya yi murmushi a cikinsu.

Abin da nake so shi ne hular nan ta fito ja, murjanin ma ya fito da kalarsa, sauran hoton ya zauna yadda yake. Fuskokinsu ba na so a taɓa ko kaɗan. Duk sanda aka ɗauko hoton sai Hajiya ta ɗora yatsa a kan hular ta ce, "Ku da kuke ganinta baƙa, ja ce wur, a Kurmi ya saye ta." To ina so in wanke shi babba, in sa a firam in kai mata kafin Sallah.

Na bi wani bidiyo da aka yi da Snapseed, manhajar gyaran hoto ta waya, inda ake mayar da hoto fari da baƙi sannan a goga yatsa a wurin da ake so kala ta dawo. Na ɗauki hoton da waya, na goge hular har yatsana ya gaji, abin da ya fito kawai wani rawaya-rawaya ne mai datti. Sai wata ƙawata ta nuna min irin manhajojin nan da ke zuba wa tsohon hoto kala da kansu. Wannan kam gara ba a yi ba. Ta mayar da Malam Balarabe, rigarsa ta koma shuɗi-shuɗi, hular da ake magana a kanta kuwa ta yi mata kalar ƙasa.

Abin da nake da shi, waya Tecno da tsohuwar laftof ta yayana da yake bar min da daddare. Babu Photoshop a ciki, kuma ba ni da halin biyan kuɗin wata-wata. Ni ɗinki nake yi, kwamfuta ba fagena ba ce, amma in aka yi min bayani daki-daki zan bi.

Ɗan Farm Centre

Wa alaikumus salam Anti. Ina jin akwai matakin da kika tsallake ne, don nan mutane da yawa suke maƙalewa. Ki shiga Tools ki zaɓi Black & White, ki danna alamar daidai. Sai ki duba sama, akwai alamar shafuka da 'yar kibiya, ki taɓa ta ki shiga View edits. Ki taɓa Black & White ɗin da kika yi, cikin alamomin da za su fito ki zaɓi mai burushi. A nan hoton zai koma mai kala gaba ɗaya, kada ki tsorata. Ki danna alamar juyawa da ke ƙasa, zai sake zama fari da baƙi, sai ki sauke lambar tsakiya daga 100 zuwa 0, ki zuƙo hoton da yatsu biyu, ki riƙa shafa wurin da kike so. Alamar idon nan tana nuna miki inda kika buɗe da inda ba ki buɗe ba. In kin zarce, ki mayar da lambar 100 ki shafe.

Ni da shi nake yi wa amare hoton lalle, hannu ya fito da jansa, sauran duk toka. Wasu da manhajar Lightroom suke yi, cikin kaloli takwas da take da su su kashe bakwai su bar ja kaɗai, amma bai cika yin kyau ba in akwai mutum a hoton, don fata tana cikin ja da ruwan lemo ne, sai ki ga fuska ta fito dabbare-dabbare.

Jikar Hajiya

Na gode ƙanena. Yanzun nan na sake bi yadda ka faɗa. A hoton bikin 'yar kawuna ya yi tsaf, koren gyalenta ya fito shi kaɗai, har na tura mata. Amma a hoton su Hajiya dai jiya-i-yau.

Tsohon Mai Hoto, Fagge

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya jiƙan Malam, ya ƙara wa Hajiya lafiya.

Abin da yaron nan ya faɗa daidai ne, sai dai amsar wata tambayar ce. Aiki biyu ne daban, ko da yake in an gama kamarsu ɗaya. Hoton bikin 'yar kawunki da kala aka ɗauke shi, rufe ta kika yi sannan kika buɗe wani wuri ta leƙo. Hoton kakanki kuwa babu kalar da za ta leƙo. Fim ɗin haske da duhu kawai ya riƙe, jan hular bai taɓa shiga takardar ba. Rawayan da kika gani tsufan takarda ne wayarki ta ɗauka. Manhajar da ta yi wa hular kalar ƙasa ma kintace ta yi, domin daga hoton kaɗai ba mai iya rantsewa ja ce ko koriya ko shuɗiya, duk ukun suna iya fitowa da toka iri ɗaya. Ke kin fi ta, tunda kina da wadda ta ga hular da idonta.

Ke nan ke za ki kawo jan daga waje ki ɗora. Ba sabon abu ba ne. Lokacin ina yaron shago akwai wani dattijo da aikinsa ke nan. A wanke hoto fari da baƙi, shi kuma ya zauna bakin taga da 'yan kwalaben kala da siririn burushi da auduga a tsinke, ya sa wa hula ja, ya sa wa ɗankunne ruwan zinare. Kalar tasa tsinkakkiya ce, ana hango hoton ta cikinta. Shi in ya ɓata sai a sake wanke wani, ke kuwa kina iya komawa baya.

Kafin komai ki shigar da hoton kwamfuta da kyau. Ki kai shi inda ke da sikana, ki tsaya a kansu. Su sa 600 dpi, wato ɗigo 600 a kowane inci, su ɗauke shi a matsayin mai kala ko da yake fari da baƙi ne, su kashe duk gyaran da injin ke yi da kansa, su ajiye miki a nau'in fayil na TIFF ko PNG. In hoton inci 3.5 ne da 5.5, to a 600 zai ba ki ɗigo 2100 da 3300, wanda zai wanku lafiya lau a inci 7 da 11, har ya ɗan wuce. Idan yana cikin gilashi kuma ya manne, kada ki ɓamɓare, fuskar hoton za ta bi gilashin. In kuma Hajiya ta hana a fita da shi daga gida, wanda ba zan yi mamaki ba, ki shimfiɗa shi a inuwa a tsakar gida da hantsi, ki kashe filasha, ki riƙe wayar daidai samansa ba a karkace ba.

Manhaja ki sauke GIMP. Kyauta ce, ba wata-wata ba shekara-shekara, in kin sauke ba ta ƙara neman data, kuma tsohuwar laftof tana ɗaukarta.

Da kin buɗe hoton ki shiga Image, ki gangara Mode, ki tabbata RGB aka zaɓa, wato mai kala. In yana kan Grayscale, ko wace kala kika ɗauko toka za ta fito, ki yi ta zargin kwamfutar yayanki. Sannan ki yi sabuwar leya a saman hoton. Leya shafi ne da ake ɗorawa kan wani shafin, kina aiki a kansa na ƙasa bai san ana yi ba. Ki cika ta da ja baki ɗaya, hoton zai ɓace, ba komai. Ki danna maɓallin dama na maus a kanta, ki zaɓi Add Layer Mask, ki ɗauki Black. Jan zai ɓuya, hoton ya dawo. Ka'idar maski ɗaya ce, inda yake baƙi yana ɓoye leyar, inda yake fari yana nuna ta. Ki danna D a kibod kalolin burushi su koma baƙi da fari, ki danna X farin ya zo gaba. Duk inda kika shafa da fari nan ja zai fito. In kin zarce ki danna X ki shafe da baƙi, ki sake dannawa ki ci gaba.

Ga inda aikin yake duka. A saman jerin leyoyi akwai wurin da aka rubuta Mode, yana kan Normal. In kin bar shi haka, hular za ta zama jan faci, babu lanƙwasa babu inuwa. Ki sauya shi zuwa LCh Color. A Photoshop ko Photopea sunansa Color kawai. Yana ɗaukar kala daga leyarki, haske da duhu kuma ya bar na hoton. Ke mai ɗinki ce, kin san bambancin yadin da aka tsoma a marinar Ƙofar Mata da wanda aka shafa wa fenti. Na marina ya sha baba amma kina ganin saƙarsa zare-zare. Haka ake so hular ta sha jan.

Jan kuma kada ki ɗauki na can ƙuryar akwatin kala, 255, 0, 0, wato adadin ja, kore da shuɗi (R, G, B) a ma'aunin 0 zuwa 255. Babu hular da aka taɓa yi da wannan jan. Ki fara da wajen 150, 30, 35, ki rage ƙarfin leyar ta Opacity zuwa 60 ko 70, ki duba. Tsohon hoto ba ya ɗaukar kala mai ihu. Murjani ki yi masa tasa leyar da nasa maskin, shi ya fi karkata ga ruwan lemo, ki gwada 200, 85, 65. Kowane abu da leyarsa, don ran da aka ce a sauya ɗaya kada ya shafi ɗayan.

Ki riƙa danna Ctrl da S a kai a kai, kin san halin wutarmu. Wannan yana ajiye aikin a XCF, fayil ɗin GIMP, da leyoyinsa duka. Wanda za ki kai wa mai wanki ta Export As ake fitar da shi.

Ɗan Dala

Ni dai da za a ji ta tawa, da an bar hoton nan yadda yake. Wannan yayin na kala ɗaya cikin fari da baƙi an yi shi har an gaji, kowace kalandar biki sai ka ga an bar jan fure shi kaɗai. Abin da ya fi damuna ma, ido inda kala take yake tafiya. Kin ce fuskokinsu kike ji da su, to duk wanda ya shigo ɗakin hula zai fara kallo, ba Malam ba. Sannan nan gaba jikokinki za su ɗauka haka aka ɗauke shi. Malama je ki Gidan Makama ki ga tsofaffin hotunan Kano, ba wanda ya ce sai an shafa musu kala kafin su yi kwarjini.

Tsohon Mai Hoto, Fagge

Malam, maganarka ta ido gaskiya ce, shi ya sa na ce ta rage ƙarfin jan. Amma hular a kan Malam take, idon da ya je kanta zai gangaro fuska. Da takalmi ta ce za ta sa wa ja, da ni zan fara hana ta. Ta jikoki kuwa maganinta biro ne, a rubuta a bayan firam cewa an ƙara kala a shekara kaza bisa faɗar Hajiya, a kuma ajiye na asali da sikanin ɗinsa ba a taɓa ba.

Jikar Hajiya

Baba na gode, Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma. Ai ka san halin tsofaffinmu, Hajiya ta ce hoton ko zaure ba ya fita. Sai da yayana ya aro ƙaramar sikana wajen abokinsa aka yi a gabanta, tana zaune tana ta cewa a bi a hankali.

Malam Ɗan Dala na ji maganarka, na asali yana nan ba abin da zai same shi. Amma ni don tsohuwa ɗaya nake yi, ita kuma jan take nema.

Na sauke GIMP na bi matakan. Murjani ya ba ni mamaki, ƙwaya-ƙwaya ya fito, har ɗan ƙyallin da ke kan kowace ƙwaya bai ɓace ba. Hular ce matsala. Ta ƙi yin ja. Gefen da haske ya buga ya ɗan yi, amma yawancinta baƙi ne mai ja-ja sai ka ƙura ido, ko na kai Opacity 100. Sannan inda ta haɗu da goshi ja ya ɗan zubo kan fatarsa, ta sama kuma akwai wani jan kewaye a jikin labulen da ke bayansu. In na goge sai bakin ya yi kaifi, ana gane ɗorawa aka yi. Kuma rawayan takardar nan, in cire ko in bari?

Tsohon Mai Hoto, Fagge

Madalla 'yata, kin yi nisa.

Hular ta ƙi ja ne saboda LCh Color ba ya taɓa haske da duhu. Inda hoto ya yi baƙi ƙirin ko fari fat, kala ba ta da wurin zama, a cikin toka-toka take kamawa. Ja kuma dama yakan fito da duhu a tsofaffin hotuna, wani fim ɗin na da ma kusan ba ya ganin ja, baƙi yake mayar da shi. Don haka sai kin ɗan buɗe hular tukuna. Ki kwafi leyar hoton ta ƙasa, don ta farko ta zauna lafiya. Ki danna maɓallin dama a kan leyar jan ki zaɓi Mask to Selection, zai kewaye miki hular daidai inda kika shafa. Ki koma kan kwafin hoton, ki shiga Colors, Curves. Layi ne a karkace daga ƙasa ta hagu zuwa sama ta dama. Ki kama shi wajen kashi ɗaya cikin huɗu daga ƙasa ki ɗaga kaɗan-kaɗan, idonki na kan hular. Ƙarshensa na can ƙasa kada ki motsa, don lungun da ya fi duhu ya zauna da duhunsa, in ba haka ba hular za ta yi fayau ta tashi daga kan mutumin. Za ki ga 'yan ɗige-ɗigen fim sun fito, ki bar su, su ke sa ta zama ɗaya da sauran hoton. In kin gama ki shiga Select, None. In akwai tuntu a hular kada ja ya hau shi sai kin tambayi Hajiya.

Maganar baki kuma, ki zuƙo zuwa 200 ko 300 cikin ɗari, ki ɗauki ƙaramin burushi mai matsakaicin taushi, wanda aka rubuta wa Hardness 050 ko 075. Ki dubi kunnen Malam ko kafaɗar rigarsa ki ga yadda kaifinsu yake. Tsohon hoto ba shi da kaifi sosai, bakin jan ya kamata ya yi daidai da wannan. Ki tsaya ɗan ciki kaɗan. In ja ya gaza da ɗigo ɗaya ba mai lura, in ya zarce da ɗigo ɗaya daga bakin ƙofa ake hango shi. Da maus hannu yana rawa, to ki danna wuri ɗaya, ki riƙe Shift, ki danna gaba kaɗan, zai ja miki miƙaƙƙen layi tsakani. Da gajerun layuka haka za ki kewaye hular. In kina so ki ga maskin kansa, ki riƙe Alt ki danna shi, duk inda kika bar rami ko kika ɗiga fari a labule zai tonu.

Rawayan ni a ra'ayina ki rage shi, kada ki kashe. In hoton ya koma toka tsantsa sai ya yi sanyi, jan ya tsaya shi kaɗai ba abokin tafiya. A kan kwafin nan ki shiga Colors, Saturation, ki sauke shi zuwa wajen rabi. Kusurwar da ta karye in ba ta ci komai ba sai daɓe, firam zai rufe ta.

Mai Wankin Hoto, Zoo Road

Salam Malama. Ni ta ɓangaren wanki zan yi magana. Kada ki tura shi ta WhatsApp a matsayin hoto, yana matse shi, ki tura ta Document ko ki kai a filash. Ki gaya wa wanda ke kan injin baki da baki cewa akwai kala a ciki, don yana ganin fari da baƙi zai iya wanke shi a haka, hular ta koma gidan jiya. Ki kuma ce kada injin ya gyara kala da kansa, hoton da duk toka ne sai ɗigon ja yakan ruɗa shi, ya ja tokar zuwa kore-kore.

Ki fara wanke ƙarami, 5 da 7, ki fita waje ki duba a hasken rana kafin ki biya na babba. A takarda ja yakan fi duhu, domin sikirin haske yake fitarwa, takarda kuwa sai wanda ya faɗo mata. Takarda marar ƙyalli ta fi dacewa da tsohon hoto, musamman in za a sa gilashi. Kuma in 8 da 10 kike so, ki sani tsawon hotonki ya fi ƙarfin wannan awon, in ba ki yi magana ba za a yanke sama ko ƙasa, hular kuma a sama take. Ki ce a bar farin gefe.

Jikar Hajiya

Alhamdu lillahi, Curves ɗin nan shi ne maganin. Ina ɗaga layin sai ga wata lotsawa a gefen hular ta hagu da ban taɓa sanin tana nan ba, da alama nan yake kamawa in zai cire. Dabarar Shift kuma ta raba ni da rawar hannu, goshin ya fita tas.

Na wanke ƙaramin na kai wa Hajiya jiya da la'asar. Ta sa tabarau ta matsa bakin ƙofa. Murjani ta ce haka yake, sai kuma ta ce ai ba ma nata ba ne, na yayarta ne ta ara don hoton. Duk gidan ba wanda ya taɓa jin wannan. Hular kuwa ta ce na cika mata ja. Na ce Hajiya ba ke kika ce ja ce wur ba? Ta ce wannan da tana sabuwa ne, lokacin hoton ta sha hannu da ƙura ta yi duhu, kalar zoɓo mai kauri. Da daddare na ɗauko laftof na zauna kusa da ita. Ban sake shafa komai ba, leyar jan kawai na danna, ba maskin ba, na riƙa cika ta da wani jan, ita tana cewa ƙara, rage, har ta ce tsaya nan. A 120, 25, 40 muka tsaya.

Malam Ɗan Dala, na rubuta abin da za a liƙa a bayan firam, har da maganar aron murjanin.

Sai dai yanzu ta ɓullo da sabuwa. Wai atamfar shuɗiya ce mai rawayan ganye, tunda na iya in sa mata. Baba, atamfa mai zane haka leya ɗaya za ta yi, ko sai na bi ganyen ɗaya bayan ɗaya?

Tsohon Mai Hoto, Fagge

Leya biyu, shuɗi a ƙasa, rawaya a sama, kowacce da maskinta. In ganyen sun fi ƙasan yadin haske, ki danna Shift da O ki taɓa ganye ɗaya a kan hoton, zai zaɓo duk mai irin haskensa. Zai haɗa da rigar Malam, amma ba komai, ke a kan atamfa kaɗai za ki shafa fari, ba zai fita daga cikin ganyen ba.

Amma in atamfa ta shiga, kusan rabin hoton ya zama mai kala, fuskarta da hannayenta za su zauna toka a tsakiyar shuɗi, kuma nan ne maganar Malam Ɗan Dala za ta kama ki. Ki yi shi a fayil daban da wani suna, ki wanke ƙananan biyun ki ajiye mata a kan tabarma. Kada ki biya kuɗin babba sai ta nuna ɗaya.